Watan da Ya Kwana Biyu Ya Mutu: Tsofaffin Sunayen Watannin Japan

A ƙarshen shekarar 1872 mutanen Japan sun ga abin da kakanninsu ba su taɓa gani ba. Wata ya kama, ya kwana biyu, hukuma ta ce ya mutu. Shiwasu ne, wata na goma sha biyu, wanda a cikinsa ake biyan basussukan shekara, a share gidaje, a daka shinkafar bikin sabuwar shekara. Gwamnatin Sarki Meiji ta yi shela ran 9 ga wata na goma sha ɗaya cewa kashegarin 2 ga Shiwasu shi ne 1 ga Janairu, 1873, bisa lissafin Turawa. Kwana 23 kacal aka ba jama'a. Masu buga kalanda sun riga sun buga ta shekara mai zuwa, har sun fara sayarwa, sai ga hajarsu ta koma takardar banza.

Dalilin da aka faɗa a fili shi ne ƙasa tana son tafiya daidai da Turai da Amurka a kasuwanci da hulɗar jakadanci, kuma wannan gaskiya ne. Amma akwai na aljihu. Gwamnati ba ta daɗe da komawa biyan ma'aikata wata-wata ba, baitulmali babu nauyi, ga shi shekarar da ke tafe a tsohon lissafi wata goma sha uku ce. Da aka sauya kalanda sai albashin wata na goma sha uku ya faɗi, na Shiwasu mai kwana biyu ma aka ce babu. Okuma Shigenobu, ɗaya daga cikin jiga-jigan gwamnatin, ya ba da wannan labari da bakinsa daga baya.

Abin da ya sa na fara da wannan rana shi ne, duk wanda ya ɗauki jerin tsofaffin sunayen watannin Japan a yau zai tarar an jera su kusa da Janairu zuwa Disamba, kamar dama can tare aka haife su. Mutsuki Janairu, Kisaragi Fabrairu, Yayoi Maris, Uzuki Afrilu, Satsuki Mayu, Minazuki Yuni, Fumizuki Yuli, Hazuki Agusta, Nagatsuki Satumba, Kannazuki Oktoba, Shimotsuki Nuwamba, Shiwasu Disamba. Jerin ya yi kyau a ido, amma ya goce da kusan wata guda, wani lokaci har wata ɗaya da rabi. Tsohuwar shekara tana kamawa ne tsakanin ƙarshen Janairu da wajen 20 ga Fabrairu. Saboda haka kowane suna a yanzu yana riga yanayin da aka raɗa masa shi isowa.

Tsohon lissafin na wata ne, kuma na rana. Wata yana kamawa ranar da jinjirin wata ya haihu bisa lissafin masana taurari, ba sai an gan shi da ido ba, ya yi kwana 29 ko 30. Wata goma sha biyu sun ba da kwana 354, gibin kwana 11 ke nan tsakaninsu da shekarar rana. Mu da muke bin watannin Hijira mun san abin da wannan gibi ke haifarwa: azumi ya zo da zafin bazara, bayan wasu shekaru ya zo da hunturu, duk da cewa asalin kalmar Ramadan daga tsananin zafi take. Musulunci ya hana ƙarin wata, don haka watanninmu suna zagaya shekara, manomi kuwa yana da nasa ƙidayar dabam, shi ya sa yake cewa watan bakwai maƙarar rani. Mutanen Japan, da Sinawan da suka koya musu, sun haɗa ƙidaya biyun a kalanda ɗaya. Duk shekara biyu zuwa uku sai su cusa wata na goma sha uku, kimanin sau bakwai a shekara 19, don kada watan dashen shinkafa ya tashi daga damina. Watan ƙarin ba shi da suna nasa. Yana ɗaukar sunan wanda ya gabace shi, a ɗora masa kalmar uruu, sai a yi Satsuki biyu ko Hazuki biyu a shekara guda. Wurin da za a cusa shi kuwa ana gane shi ne da wasu tashoshi 24 da aka raba tafiyar rana a kansu. Goma sha biyu daga ciki su ne manya, kowane wata ya kamata ya ƙunshi ɗaya, watan da ya fita babu ko ɗaya a cikinsa shi ake mayarwa na ƙari.

Ilimin ya shigo ne daga Sin ta hanyar Koriya. Tarihin fada da aka kammala a 720 ya ambaci wani malamin addinin Buddha, Kanroku, da ya zo daga masarautar Kudara ta Koriya a 602 da littattafan kalanda. Akwai lissafin Sinawa guda da Japan ta riƙe daga 862 har 1684, fiye da shekara 800, har ya goce wa tafiyar rana da kwana biyu, kafin Shibukawa Harumi ya tsara na farko da ɗan ƙasa ya yi, aka fara aiki da shi a 1685. Na ƙarshe shi ne na Tenpo, daga 1844. Da yake dogayen watanni da gajeru suna sauya wuri kowace shekara, 'yan kasuwa sukan rataye allo a shago mai fuska biyu, ɗaya "babba" ɗaya "ƙarami", don kowa ya san ranar da wata zai ƙare, domin ranar ce ta karɓar bashi.

Lissafin na aro ne, sunayen kuwa na gida ne. Kalmomin Japananci ne da suka daɗe a baki, daga baya aka nemo musu haruffan Sin aka rubuta su da su. A nan rikici yake. Kowane harafin Sin yana ɗauke da ma'anarsa, kuma sau da yawa marubuta sun zaɓi harafi don sautinsa kawai. Bayan ƙarnoni sai mai karatu ya ga ma'anar harafin, ya ɗauka ita ce asalin sunan, ya ƙulla mata labari. Kisaragi misali ne mai sauƙi: haruffan da aka fi rubuta shi da su tsohon sunan da Sinawa ke kiran wata na biyu ne, babu abin da ya haɗa su da furucin. Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne "ƙara tufa a kan tufa", saboda sanyi bai gama tafiya ba. Wasu masana sun ce daga farfaɗowar tsirrai ne. Mutsuki an fi cewa watan zumunci ne, da dangi ke taruwa don sabuwar shekara. Yayoi ne kusan babu jayayya a kansa: tsiro yana ta ƙaruwa. Uzuki kuma watan wani farin fure ne da ake kira unohana, ko da yake akwai masu cewa daga kalmar shuka ya fito.

Daga wata na biyar zuwa na bakwai ne sunayen suka fi nauyi, domin a nan shinkafa take, kuma shinkafa ce haraji, ita ce albashin mayaƙa, ita ce ma'aunin arzikin kowane hakimi a tsohuwar Japan. Satsuki gajarcewar sanaetsuki ne a bayanin da aka fi yarda da shi, wato watan dashe. Ana renon iri a ɗan fili, idan damina ta sauka a tuge shi a dasa cikin fadamar da aka cika da ruwa. 'Yan matan da ke dashen ana kiransu saotome, irin da ake dasawa sanae, ruwan da ke zuba a lokacin samidare. Wannan "sa" da ke farkon kowace kalma, wasu masana suna ganin tana nufin abin bautar gonar shinkafa. Tsohon Satsuki yana faɗawa ne a Yuni zuwa farkon Yuli, tsakiyar daminar Japan, kwana da kwanaki ana yayyafi, sama a rufe, kaya suna fumfuna. Shi ya sa suke da kalmar satsukibare, ranar da gari ya ɗan washe a tsakiyar marka, mutane su yi maza su shanya kaya. Yanzu da aka ɗora Satsuki a kan Mayu, watan da sararin sama ya fi kyau, kalmar ta juya: yawancin mutane suna faɗinta ne don garau ɗin Mayu, kuma ƙamus-ƙamus sun karɓi ma'anonin biyu. Abin mamaki, dashen kansa ya biyo sunan. Da aka samu irin da ke jure sanyi, da rumfunan leda na renon iri, da injin dashe, manoma da yawa sun dawo da aikin farkon Mayu, lokacin dogon hutun da 'ya'yan da ke birni kan dawo gida su taimaka. Satsuki, a ganina, yana cikin 'yan sunayen da sauyin kalanda bai cuta sosai ba.

Minazuki ya fi kowanne rikitar da baƙo. A rubuce "watan da babu ruwa" ne, ga shi an ɗora shi a kan Yuni, lokacin da laima ba ta barin hannu. Bayani biyu ake yi. Na farko, tsohon wata na shida yana zuwa ne bayan damina ta ɗauke, wajen Yuli zuwa farkon Agusta, rana tana ƙuna, don haka rashin ruwan gaskiya ne. Na biyu, wanda masana harshe da yawa suka fi karkata gare shi, harafin da ke nufin "babu" an saka shi ne don sautin "na", wanda a tsohon Japananci yake aikin mallaka, sai sunan ya zama "watan ruwa", lokacin da fadamu suke cike. Kowanne aka ɗauka, maganar ruwan gona ake yi. A Kiyoto sunan ya koma abin ci. Ran 30 ga Yuni shagunan kayan zaƙi sukan cika da wani abu da ake kira minazuki: farin curi ne na gari da sukari da aka turara, an yanka shi kusurwa uku, an shimfiɗa jan wake a samansa. Siffar tana kwaikwayon gutsuren ƙanƙarar da ake adanawa a ramukan duwatsu tun hunturu don mutanen fada su sha da zafi, abin da talaka ba ya samu. Jan waken kuma, a al'adarsu, korar sharri yake. A ranar ce ake kafa babban zobe na ciyawa a ƙofar wuraren bauta, mutane su ratsa ta cikinsa don wanke laifin rabin shekara. An shirya abin ne don tsananin zafi, yanzu ana cinsa ruwa na zuba.

Fumizuki, "watan rubutu", an danganta shi da bikin Tanabata na daren bakwai ga wata na bakwai, da ake rubuta waƙa ko buri a ƙyallen takarda a rataye a reshen gora. Wani bayanin ya ce asalinsa watan da shinkafa ke yin ciki ne. Tanabata shi ne inda ɓarnar 1873 ta fi fitowa fili. Labarin taurari biyu ne, masaƙiya da makiyayi, da kogin sama ya raba, ba sa haɗuwa sai a wannan dare. A tsohon lissafi daren yana zuwa galibi a Agusta, damina ta wuce, wata rabi ne kuma yakan faɗi kafin dare ya raba, sai sama ta yi duhu taurari su fito. Ran 7 ga Yuli kuwa yawancin ƙasar tana cikin marka, a yankin Tokiyo damina ba ta ɗaukewa sai wajen 20 ga wata. Yara suna rataye takardunsu a makaranta, su ɗaga kai, hadari kawai suke gani. Birnin Sendai ya ƙi wannan, yana yin nasa daga 6 zuwa 8 ga Agusta. Hukumar binciken taurari ta ƙasa ma takan sanar da ranar "Tanabata ta gargajiya" kowace shekara don masu son ganin taurarin da gaske.

Dabarar Sendai tana da suna, tsukiokure, jinkirta wata guda: a bar kwanan yadda yake, a matsar da watan. Da ita aka ceci Obon, bikin tunawa da magabata, wanda asalinsa tsakiyar wata na bakwai ne. Yawancin ƙasar tana yinsa wajen 15 ga Agusta, Tokiyo tana yi a Yuli, Okinawa kuma har yau tsohon lissafi take bi. Biki ɗaya, lokaci uku. Wanda bai samu wannan gata ba ya dusashe. Bikin furen kiku na tara ga wata na tara ya zama 9 ga Satumba, lokacin da furen bai buɗe ba, kuma a cikin manyan bukukuwa biyar na shekara da gwamnati ta soke matsayinsu a 1873 shi ne aka fi mantawa.

Hazuki "watan ganye" ne, ana cewa na zubar ganye, abin da ba wanda zai gani a Agustan Japan. Nagatsuki watan dogon dare. Shimotsuki watan raɓar da ke daskarewa. Waɗannan ba su da wuyar fahimta idan aka matsar da su gaba da wata guda.

Kannazuki ne ya tara labari. A rubuce "watan da babu kami", wato abubuwan bautar addinin Shinto, waɗanda suke cewa miliyan takwas ne, ma'ana ba sa ƙirguwa. Abin da jama'a suka yi imani da shi shi ne, a wata na goma dukansu sukan bar garuruwansu su tafi taro a Izumo, a lardin Shimane na yanzu, su shawarta al'amuran shekara, musamman wa zai auri wa. Saboda haka ko'ina ana cewa watan babu kami, mutanen Izumo kaɗai ke kiransa Kamiarizuki, watan da kami suke nan. Masana harshe suna ganin "na" ɗin nan ita ce dai ta Minazuki, asalin sunan "watan kami" ne, watan godiya bayan girbi. Jayayyar ba sabuwa ba ce. Fujiwara no Kiyosuke ya rubuta bayanin tafiya Izumo tun ƙarni na 12. A ƙarni na 14 Yoshida Kenko ya ambaci masu cewa a Ise, wani babban wurin bautar Shinto, ake taron, ya ce maganar ba ta da tushe a rubuce. Masu yawon wa'azi na wurin bautar Izumo sun taimaka wajen yaɗa nasu labarin a faɗin ƙasa, shi ne ya yi rinjaye.

Ina ganin kuskure ne a tsaya a cewa masana sun ƙaryata labarin, shi ke nan. Bayanin da mutane suka rayu a kansa shekara ɗari takwas ya zama wani ɓangare na tarihin sunan, ko da ba shi ne asalinsa ba, kuma ya gina abubuwan da ake iya taɓawa. A harabar babban wurin bautar Izumo akwai dogayen gine-gine biyu na katako, gabas da yamma, kowanne da ƙofofi 19, masaukin baƙin ne. A rufe suke duk shekara, sai makon taron ake buɗe su. Da yammacin goma ga wata, bayan rana ta faɗi, ana hura wuta a bakin teku a Inasa, limaman Shinto cikin fararen kaya su tarbi baƙin da ba a gani, su rako su cikin gari da rassan itacen sakaki, jama'a na biye a baya. Mutanen yankin sun saba rage hayaniya a kwanakin don kada su dami taron. Kuma Izumo ba ta bi Oktoba ba. Tsohon lissafi take bi, don haka bikin yakan faɗo galibi a Nuwamba, lokacin da kalandar bango ta riga ta ce Shimotsuki.

Shiwasu shi ne sunan da ya fi rai a bakin mutane. A rubuce "malam yana gudu", ana cewa malaman Buddha ne ke sauri daga gida zuwa gida don karatun ƙarshen shekara. Masana sun ce haruffan an zaɓe su ne don sauti, asalin yana iya zama "ƙarewar shekara" ko "gama aiki". Amma da yake hidimar ƙarshen shekara ta koma Disamba tare da sabuwar kalanda, sunan ya zauna daram, masu karanta labarai a talabijin suna faɗinsa ba tare da wani ya tambayi ma'ana ba. Inda yake ruɗarwa shi ne tarihi. Harin mayaƙa 47 da suka ɗaukar wa ubangidansu fansa ya faru ne daren 14 ga Shiwasu, kuma ana tunawa da su kowace 14 ga Disamba a wurin bautar Sengakuji da ke Tokiyo, inda kaburburansu suke. A lissafin Turawa ƙarshen Janairun 1703 ne. Mutumin wancan zamani da ya ji "sha huɗu ga wata" ya san farin wata ne, ya san maharan ba su buƙaci fitila sosai a hanya ba. Kwanan wata a tsohon lissafi yana gaya maka hasken dare da cikar teku, 14 ga Disamba ba ta gaya maka komai game da sama.

A rayuwar yau da kullum Bajapane lamba yake amfani da ita: wata na ɗaya, wata na biyu, har goma sha biyu. Tsofaffin sunayen suna fitowa a gaisuwar buɗe wasiƙa, a waƙa, a kalandar bango, a kayan zaƙi, da sunayen 'ya'ya mata irin su Yayoi da Satsuki da Hazuki. Katin gaisuwar sabuwar shekara har yau yana cewa "maraba da lokacin toho" ran 1 ga Janairu, sanyi bai ma kai tsakiya ba, domin a da watanni ukun farko su ne na toho.

Tsohon lissafin bai mutu ba, sai dai ba shi da mai shi. Kalandar hukuma ta daina nuna kwanakinsa daga 1910, amma masu buga kalanda sun ci gaba da lissafa shi da ƙa'idojin 1844, saboda akwai masu buƙata. Akwai wani zagayen kwana shida na sa'a da rashin sa'a da ake fitarwa daga tsohon kwanan wata. Ranar taian ake rububin ɗaurin aure, ranar tomobiki kuma ana gudun jana'iza, har wuraren ƙona gawa da yawa sukan rufe. Ƙa'idojin 1844 sun ce dole ranar da dare da rana suke daidaita a kaka ta faɗo cikin wata na takwas, ranar da dare ya fi tsawo kuma cikin na goma sha ɗaya. A 2033, karo na farko tun da aka kafa su, wata ɗaya ne kawai zai shiga tsakanin waɗannan biyun, alhali ana buƙatar biyu, Nagatsuki da Kannazuki. Hukumar binciken taurari tana fitar da lokacin haihuwar wata da tashoshin rana, amma ba aikinta ba ne ta raɗa wa watanni suna, kuma babu wata doka da ta ɗora wa kowa. A 2015 wata ƙungiyar masana da masu buga kalanda ta ba da shawarar a sassauta sharaɗin wata na takwas, a riƙe na goma sha ɗaya, a yi Shimotsuki biyu a shekarar, kamar yadda lissafin Sin ya tanada. Shawara ce, ba ta ɗaure kowa ba. Idan wani mai buga kalanda ya zaɓi wata hanyar, za a samu watanni a 2033 da ranar aure a bangon wani gida za ta zama ranar da ake gudu a bangon maƙwabcinsa.